Baba Muhuyi da Tsohon Zakin Fadama

Da asuba, in an sallame salla a masallacin layinmu na unguwar Zongo a Kwatano, kowa teburin mai shayi yake nufa. Baba Muhuyi shi garken raguna yake nufa. Kuma ba ya fara taɓa bokiti ko buhun dusa. Sai ya tsuguna a bakin shinge, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo gefe guda, ya zuba wa yashi ido. Haka na same shi ranar da muka fara magana, na zo duba tayar motata da na ajiye kusa da garken.

"Direba, kada ka taka nan," ya ce. "Kyanwa uku suka zo."

Na ce masa Zongo cike take da kyanwa.

"Cike take, amma ba ɗaya suke ba. Ga baƙar nan, sawunta a jere, ta zauna bayan buhu ba ta motsa ba sai da ta kama. Ga jar, dubi yadda ta watsa yashi. Ita guje-guje ne aikinta, ba ta kama komai, amma saboda haukarta ɓeraye ba sa sakewa su ci dusa. Ta ukun ɓarauniya ce, ba ruwanta da ɓera, kifin Zouliha ta zo nema."

Zouliha mai abinci tana hura wuta a tsallaken layi, ta jiyo sunanta. "Baba, in ka gama yi musu hisabi, ka faɗa wa ɓarauniyar na sayi sabuwar muciya."

Sunana Kamilu. Shekara ashirin da biyu ina jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano da arewa, in hau da siminti ko gishiri, in sauko da shanu. Ni ba mai son magana ba ne. Mutum in ya ce zai yi abu, sai in jira in ga ya yi. Shi ya sa da farko ban ɗauki Baba Muhuyi da wani nauyi ba. Aikinsa dai yana yi, wannan ba mai musawa. Ragon da ke hannunsa ba ka ganin kaska a kunnensa, kwanon ruwansu kuma ya fi na wasu gidajen tsabta. Amma bakinsa ba ya hutawa, kuma duk maganar guda ce: namun daji.

An haife shi a Tungar Maje, wani ƙauye gaba da Kandi, a bakin gandun daji. Ubansa maharbi ne da ya zo daga ƙasar Kabi ya zauna. Muhuyi bai gaji harbi ba, ya ce hannunsa rawa yake in ya ɗaga bindiga. Ido ya gada. Shekara talatin yana bin sawu, da farko yana yi wa ubansa, daga baya yana yi wa ma'aikatan gandun daji da baƙi masu zuwa ƙidayar dabbobi. Bai yi lakwal ba, bai taɓa shiga ajin boko ba. Yakan ce masu takarda sai su rubuta zaki goma sha ɗaya, shi kuma ya ce musu ai ba goma sha ɗaya ba ne, wane ne da wane da wance. Akwai zakanyar da ba ta farautar komai sai ɓauna, 'ya'yanta ma haka suka taso. Akwai wani da ba ya tsallake rafi ko ruwan bai kai gwiwa ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yan da suka haifa ba su rayu ba. Daga baya ƙaya ta soke shi a dunduniya, gyambon ya ƙi warkewa saboda ciwon suga, aka turo shi asibiti a Kwatano. Ya zo da niyyar wata biyu. Lokacin da na san shi yana cikin shekara ta uku.

Alhaji Musbahu, falken shanu da nake yi wa dako, shi ya ba shi ɗaki da aikin ragunan. Alhaji ɗan yankinsu ne, yana da babban garke a Tungar Maje a hannun Nourou, ƙanen matar Baba Muhuyi. A cikin garken nan akwai shanu biyar na Baba. Su ne duk abin da ya tara a duniya, su da 'yar gona a bakin fadama. Kullum lissafinsa ɗaya: ƙafa ta warke, ya koma, ya sha nonon shanunsa, ya shuka masara, a binne shi kusa da matarsa. Kwatano ba ta taɓa shiga ransa ba. Sau ɗaya aka ɗora shi a zemijan, babur ɗin haya, aka kai shi Placodji ya ga teku. Ya dawo ya ce wurin banza ne, abu ya wuce ba ya barin sawu.

A cikin zakunan da yake ba da labari akwai wanda ya fi ambata, yana ce masa Dattijo. Namiji ne, shi kaɗai yake yawo, shi ke riƙe da fadamar Tungar Maje tun daga tsamiyar bakin rafi har dutsen yamma. Yatsa ɗaya na ƙafarsa ta dama a karkace yake. Tun yana saurayi wani makiyayi ya watsa masa harsashin bindigar toka a cinya, daga ranar bai sake kusantar saniya mai rai ba. Abincinsa gadu ne. Sai ya kwanta a saman ramin gadu tun kafin gari ya waye, ya jira, wani lokaci har hantsi.

"Wane zaki ne zai yi wannan haƙurin?" in ji Baba. "Sauran sun raina gadu. Shi kuwa a kansa ya tsufa. Gadu kuwa maɓarnacin gona ne, shi ya sa mutanen Tunga suke noma fadama su girbe abinsu. Kuma in ya yi gurnani, duk wani saurayin zaki da ke yawon neman wuri sai ya canza hanya. Mutanen Tunga suna da mai gadi, ba su san suna da shi ba."

Duk sanda na sauko daga arewa, kafin in kashe mota yana bakin ƙofa. "Direba, an ji shi?" Sai in ce an ji, ko da ban tambayi kowa ba, don in samu in tafi wanka.

Sai in faɗi yadda aikinmu yake, don a nan abin ya lalace. Direba a hanyar nan shi ne gidan waya. Ana ba ka ƙunshi, magani, atamfa, takarda. Ba ka buɗewa, ba ka tambaya. Ka rubuta sunan mai shi a jiki, ka ɗaure a bayan kujera, ka damƙa hannu da hannu. Shekara ashirin da biyu ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, kuma da wannan nake taƙama. Amma akwai saƙon baki. Ka gaida wane, ka ce wa wance jaririn ya fara tafiya, ka ce wa Malam muna nan tafe bayan Salla. Kowace tafiya sai a ɗora maka ashirin. Kana cewa "to, za su ji," kafin ka kai Bohicon sun zube a hanya. Duk direbobi haka muke yi, masu aiken ma rabinsu sun sani. A wurinmu abin da ba a ɗaure shi da igiya ba, ba kaya ba ne.

A ƙarshen wata damina na isa kasuwar da nake lodi, wadda ke bakin kwalta. Tungar Maje babu rezo, wato sabis ɗin waya, wayar Nourou ba ta aiki sai ran kasuwa in ya fito titi, ranar kuma ita ce ranar da nake isa. Ya tare ni fuska a murtuke, ya tura min hotuna uku a wayata, ya ce in nuna wa Alhaji. Zaki ya kashe shanu biyu cikin kwana goma.

Na nuna wa Alhaji a rumfarsa bayan azahar, mutane na zaune. Ya duba, ya aika a kira Baba Muhuyi.

"Malam Muhuyi, zo ka ga aikin mutumin naka. Nourou ya ga sawunsa a wurin mushen, har da karkataccen yatsan."

Baba ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da ido. "Direba, buɗa min nan. Ƙara. Tsaya." Ya daɗe yana kallo. "Sawunsa ne, ban musa ba. Amma ba shi ya kashe ba."

"To, lauyan zaki ya iso," in ji Alhaji. Aka yi dariya.

"Alhaji, dubi inda take kwance. Fili ne tsirara, rana na dukanta. Dattijo ko zomo ya kama sai ya ja shi inuwa. Dubi bayanta, duk an yage, wanda ya yi wannan tsalle ya yi ya hau ta, ya sha wahala kafin ya kayar. Hannun yaro ne, baƙo, mai zafin kai. Ya kashe, ya ci cinya, ya ji gurnanin mai wurin, ya gudu. Washegari tsoho ya zo ya tarar da nama a yashe, ya ci. Haƙoransa sun fara ƙarewa, ba zai wuce mushe ba."

"To ya ci saniyata ko bai ci ba?"

"Ya ci."

"Magana ta ƙare. Zaki zaki ne, ba ni da lokacin tambayarsa sunan ubansa."

"Alhaji, a cikin garken nan akwai nawa biyar. Ka ga zan kare wanda zai cinye su?"

"Kai ka sani. Ragunan can sun sha ruwa?"

Ranar da zan tashi, da hantsi, Alhaji ya miƙo min ƙunshi a baƙar leda, an naɗe da tef. Ya ce na Nourou ne, kada in ajiye kusa da abinci. Ban tambaya ba, amma hancina ya gaya min. Maganin ƙwari ne irin garin nan mai ƙarfi. A arewa ma ana samu, sai dai a can in makiyayi ya saya, kafin yamma labari ya kai kunnen ma'aikatan gandun daji. Daga Kwatano kuwa ba mai sani. Na rubuta sunan Nourou, na ɗaure a bayan kujera.

Na tada mota ke nan sai ga Baba yana ɗingishi, yana ɗaga hannu. Ya kama ƙarfen madubi ya ɗago kansa.

"Kamilu." Ranar ce ya fara kirana da sunana. "Ba zan ce ka ƙi kai kayan mutane ba, na san aikinka. Amma ga nawa saƙon. Ka ce wa Nourou, ni Muhuyi na ce kada ya zuba a mushe. Wanda ke kashewa ba ya dawowa, wanda ke dawowa Dattijo ne. Ya kai shanu tudun gabas sati uku, ya bar gefen rafi, su riƙa dawowa gida kafin rana ta yi sanyi. Dattijo da kansa zai kori baƙon. Maimaita in ji."

Na maimaita. Bayana zemijan sun cika layi suna ta oda.

"Don Allah, Kamilu."

"To, Baba, zai ji."

Ba zan ce na manta ba. Da na manta da abin ya zo min da sauƙi. Taya ta fashe min bayan Parakou, na isa kasuwa a makare, rana ta take, fatake sun kewaye mota kowa na son a fara loda nasa. Nourou ya kutso, na ciro ƙunshin na damƙa masa. A daidai lokacin maganar Baba tana bakina, kalma bayan kalma. Sai na dubi mutanen da ke tsaye. Na ce a raina, ni da furfurata zan tsaya gaban fatake in ce wani zaki mutumin kirki ne? Gobe a tashar nan sunana ya zama ɗan aiken lauyan zaki. Kuma Alhaji ke ba ni lodi, in ya ji na sa baki a kayansa fa? Na kuma ce, ai surutun tsoho ne, shekara uku bai taka dajin ba.

"Yaya Muhuyi bai ce komai ba?" in ji Nourou.

"Yana gaishe ka."

Da na dawo Zongo, Baba na bakin ƙofar mota. "Ka faɗa masa?"

"Na faɗa."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Allah ya yi min albarka. Ya sa Zouliha ta zuba min shinkafa da kifi.

A tafiya ta gaba Nourou ya ja ni bayan mota yana murmushi. An sake kashe maraƙi, ya barbaɗa garin a mushen. Kwana biyu suka tarar da tsohon zakin a ƙarƙashin tsamiyar bakin rafi, ya ja jiki zuwa ruwa bai kai ba. Kuraye huɗu a kusa da shi. Ungulu kuwa, ya ce, ba su tsaya ƙirgawa ba, kamar an shanya baƙaƙen tsummoki a fili. Suka haƙa rami suka binne komai kafin labari ya fita.

Alhaji ne ya faɗa wa Baba, a gaban mutane, yana cewa an huta. Baba ya juyo wurina.

"Ka ce ka faɗa masa?"

"Na faɗa, Baba."

"Ya ji, ya kuma zuba."

Ya ɗauki bokitinsa ya tafi.

Sati uku Tungar Maje lafiya lau. Sai baƙon ya dawo, kuma ba shi kaɗai ba, da 'yan'uwansa biyu. Babu mai korarsu. Su ba sa jira a bakin ramin gadu, ba su da wannan haƙurin. Saniya suke so, kuma da rana tsaka, makiyayi na tsaye yana ihu. Nourou ya sake zuba abin da ya rage na garin, ba su dawo kan mushe ba, karnukan ƙauye biyu ne suka mutu. Ya janye garke zuwa tudu, ciyawar tudu ta ƙare, shanu suka rame. Ta fadama da ba mai kiwo ta yi tsawo ta bushe a tsaye, ta zama wurin ɓuyan zakunan. Gadu kuma suka samu sake. Da ma Dattijo ne ke rage su, yake kuma hana su sakewa a bakin gonaki. Rogo da dankalin rani suka tone tas. Mutanen da ya kamata su taya tsaron shanu suka koma tsaron gona da gwangwani da sanda. Dabba in ta mutu sai ta kwana huɗu tana wari, babu ungulun da za ta share. Duk wannan da idona na ga wani, wani kuma Nourou ya faɗa min, tafiya bayan tafiya. Babu abu ɗaya a ciki da ya saɓa wa abin da tsohon nan yake faɗa a bakin garken raguna muna dariya.

Shanunsa suka fara tafiya. Ni nake kawo labarin, don ba wanda zai kawo sai ni. Wannan saƙon bakin ban taɓa yar da shi a hanya ba. Farar ce ta fara. Bayan wata guda baƙar, tana da ciki. Ta uku yunwa ce ta kayar da ita a tudu, aka yanka. Duk sanda na faɗa sai ya ce, "Inna lillahi," ya tambayi a ina aka kama ta da kuma wane lokaci, ya gyaɗa kai.

Sunan Nourou kuwa ya daina fita daga bakinsa. Nourou ya aiko masa da zuma da man shanu, na kawo na damƙa masa. Ya karɓa ya tsallaka layi ya ajiye a teburin Zouliha.

"Baba, wannan zumar arewa ce fa, ta gaske," in ji ta.

"Ki sha."

"Ni kada ka sa ni cikin rigimarku ta dangi. In haƙorina ya ruɓe kai za ka kai ni likita?"

Bai yi dariya ba. Da can shi ke fara tsokanarta.

Nourou ya kira shi ran kasuwa ta wayar Alhaji, ya ƙi karɓa. Da na hau sai Nourou ya tambaye ni, "Direba, me na yi wa Yaya Muhuyi? Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Don zakin ne?" Na ce masa tsufa ne da ciwo, ya yi haƙuri.

Baba ya yi shiru gaba ɗaya. Yana ba raguna dusa, yana wanke kwano, yana zuwa asibiti a wanke masa ƙafa. Ƙafar ma ta fara haɗewa, abin da ya yi shekara uku yana jira. Amma ya daina tarata a bakin mota. Ni da nake gudun surutunsa sai na koma ina ajiye mota kusa da garken, ina ɓata lokaci wajen duba mai da ruwa, ko zai ce wani abu. Wata rana Zouliha ta ajiye min kwano da ƙarfi ta ce, "Kai Kamilu, kai ke zuwa can. Me aka yi wa tsohon nan? Ko kyanwa ya daina zagi." Na ce ban sani ba.

Wata bakwai aka yi a haka. Saniyar Baba ta huɗu ta tafi a farkon bazara. Alhaji ya yi asarar da ta ishe shi, ya yanke shawarar kwashe garken, rabi a sayar, rabi a kai wa wani makiyayinsa can wajen Savè. Nourou ya samu aikin gonar auduga a wani gari. Saniyar Baba ta ƙarshe, wata 'yar guntuwa ja, ba mai riƙe ta. Alhaji ya ce sabon makiyayin ba ya karɓar dabbar wani. Aka ce in sauko da ita.

Muna lodi na tambayi Nourou, kamar da wasa. Na ce, da a ce Yayanka ya aiko lokacin nan ya ce kada ka zuba, ai da ka zuba dai, tunda Alhaji ne mai shanu.

Ya dube ni kamar na yi maganar wauta. "Da na binne ƙunshin na ce wa Alhaji na zuba. A maganar daji ban taɓa tsallake Yaya ba. Ai shirunsa ne ya sa na ɗauka ya yarda."

Na yi kilomita ɗari shida da wannan maganar a cikin mota.

Na sauke shanun Alhaji a kara, na shigo Zongo da guntuwar ita kaɗai, da hantsi. Muka sa katako ta sauko. Ta rame, ƙashin ƙugunta a waje, a bayanta kuma ga shaidar farce huɗu, doguwa, ta fara ruwa, ƙudaje na bi. Sati guda kafin nan ɗaya daga cikin zakunan ya hau ta, ta kufce. Baba ya fito ya kama igiyar. Ta sansana rigarsa. Shekara kusan huɗu ba ta gan shi ba, ban sani ba ko ta gane shi.

Ba a riƙe saniya a layin Zongo, shi ma ya sani. Tun kafin in iso ya yi magana da Idrisu mahauci.

Na ce, "Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Saƙonka na ranar nan. Ban faɗa wa Nourou ba. Ƙunshin na ba shi, na ce kana gaishe shi. Bai san ka aiko ba har yau."

Bai ɗago ba. Hannunsa na kan wuyan saniyar.

"Mantawa ka yi?"

"Ban manta ba."

"To me ya hana?"

"Mutane na tsaye. Na ji kunya."

Wani mai zemijan ya yi oda, muka matsa da saniyar gefe.

"Sau biyu na tambaye ka," ya ce.

"Sau biyu."

"Wata bakwai ina gaba da ƙanen matata." Ya juya ya ɗaga murya. "Zouliha, ran kasuwarsu jibi ne. Ki ara min wayarki, zan kira Nourou."

"Ga ta nan duk sanda ka so, Baba. Ga Kamilu ma ai jibin yana can, ko?"

"Wayar dai," ya ce.

Na ce masa zan saya masa wata saniyar, in kai ta duk inda ya ce. Da gaske nake, har yau da gaske nake.

"Ka kai ta ina? Wa zai riƙe? Fadamar ta zama ta yaran nan, sai sun gama haukarsu, shekara uku ko huɗu, in an bar su da rai. Ni ina da shekara huɗu?" Ya sa yatsunsa a kan shaidar farcen, yana auna faɗinta. "Wannan ƙaramin cikinsu ne. Bai iya ba tukuna, tsoro yake ji. Da akwai babba a wurin da ya koma daji ya koyi cin mariya."

Bai zage ni ba. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban roƙa ba, don ban ga da wane baki zan roƙa ba. Tun daga ranar na daina ajiye mota a layin. Ina barinta ta kwana a kara, in hau zemijan in shiga gida ta baya. Ana ce min yana nan, ƙafar ta warke, yana wurin ragunansa. Ban je na gani ba.

Idrisu mahauci ya iso da igiyarsa a kafaɗa, yana sauri. Baba ya ce ya dakata. Ya shiga ɗakinsa ya fito da ɗan kwano da tsumma mai tsabta, ya roƙi Zouliha ruwan ɗumi da gishiri.

"Baba, yankawa fa za a yi," in ji Idrisu. "Kafin azahar ta zama nama."

"Na sani."

Ya kori ƙudajen da hannu. Ya jiƙa tsumman, ya matse, ya fara wanke raunin tun daga sama, layi ɗaya bayan ɗaya, saniyar na karkaɗa fata. Da ya gama na huɗun ya zubar da ruwan a kwata, ya kwance igiyarsa daga wuyanta, ya matsa gefe don Idrisu ya sa tasa.